Kada Gara Ta Cinye Littattafan Masu Gyara

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da irin gero, mu yi magana a kan akwatin rediyo da na talabijin, da mutanen da ke gyara su, da takardun da suke dubawa in za su yi gyaran. Wani zai ce, ina ruwan malamin gona da wannan? Ruwansa kuwa da yawa. Duk gidan da muka shiga a ƙauyukan ƙasar Illela, da wuya mu rasa rediyo rataye a jikin rumbu ko a ƙusar bango, kuma da wuya mu rasa wani guda ko biyu da suka mutu aka tura ƙarƙashin gado. Kuɗi aka fitar aka saye su, kuɗin albasa ko na wake ko na ɗan akuya. Abin da ya ci kuɗin manomi kuwa ya shafe mu.

Maganarmu guda ɗaya ce. Littattafan da masu gyara ke aiki da su suna ƙarewa, waɗansu gara ta ci, waɗansu an naɗe ƙosai da su, tsofaffin da suka iya karanta su kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A ganinmu wajibi ne jama'a su tattara abin da ya rage su adana shi wuri ɗaya kamar yadda ake adana iri. Ekklesiya ce kuwa ta fi dacewa ta fara, gama tana da ɗaki mai rufin kirki, tana da masu rubutu da karatu, ta kuma saba riƙon amanar kayan jama'a.

Bari mu bayyana irin littafin da muke nufi, domin ba ɗan littafin nan da ke zuwa cikin kwali ba ne, mai nuna inda ake kunnawa da inda ake sa batir. Littafin gyara dabam yake. Kamfanin da ya ƙera akwatin shi ke buga shi domin masu gyara kaɗai. A cikinsa akwai babbar taswira mai ninki wadda ta zana hanyar da wuta ke bi, tun daga inda ta shigo har ta kai sifika ko gilashin hoto. Kowane ɗan abu da ke cikin akwatin yana da lambarsa, taransista ne, kwandansa ce, ko taransfoma. An kuma rubuta ƙarfin wutar da ya kamata mita ta nuna a kowace mahaɗa. Har yadda ake ɗaura zaren nan da ke jan allurar neman tasha an zana shi, zagaye nawa zai yi a kan sanda, ta wane gefe zai bi. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana fama da wannan zare ba taswira, tun safe har azahar, ya san darajar wannan ɗan zane.

Mai aikin lambu zai gane amfanin taswirar nan da nan. In ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba, ba ka tone lambun duka. Sai ka bi magudanar baya-baya har ka ga inda ta fashe. Haka mai gyara yake yi. Littafi ya ce a wuri kaza mita za ta nuna bolt 12, ya ɗora ya ga bolt 3, to ya san ɓarnar tana bayan wannan wuri, sai ya ja baya taki ɗaya. Wanda ba shi da taswira kuwa sai canki-canka: ya cire wannan ya sa sabo, bai yi ba, ya cire wancan. Mai akwati shi ke biyan kuɗin dukan abin da aka canza, da mai laifi da marar laifi, daga ƙarshe ma a ce masa abin ba ya gyaruwa. A dā kamfanoni da dama sukan manna ƙaramar taswira a cikin murfin baya na rediyo, domin sun ɗauka cewa dole wata rana za a buɗe shi. A Amurka har wani mutum mai suna Howard W. Sams ya kafa sana'a a kan wannan tun 1946: ma'aikatansa su samo sabon akwati, su kwance shi, su auna, su zana, su buga takardun su sayar wa masu gyara.

Akwatunan da muke magana a kansu ba su daɗe ƙwarai a ƙasarmu ba. An buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo a 1962, na Sakkwato kuwa sai a tsakiyar shekarun 1970, kafin a haɗa su duka a ƙarƙashin NTA a 1977. Rediyo ya riga shi shiga ƙauye da nisa. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Iyayenmu a cikin bangaskiya suna tuna Rediyo ELWA da ke Monrobiya ta ƙasar Laberiya, wadda mishan ta SIM ta buɗe a 1954, da shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos a aika Addis Ababa a watsa, har zuwa 1977 da gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar. A wancan zamani mai bishara da ke zaune shi kaɗai a ƙauye mai nisa, rediyon gajeren zango ne abokin hirarsa da dare. Akwatunan National da Philips da Sanyo da Sharp na waɗannan shekaru har yanzu ana samunsu a gidaje. An yi su da sukurori domin a kwance, an jera kayan cikinsu da tazarar da hannu zai shiga.

Amma akwai wani ilimi da ya keɓanta ga garuruwan bakin iyaka irin namu, kuma shi ne ya fi ba mu tsoron ɓacewa. Illela tana da nisan fiye da kilomita 80 daga Sakkwato, Birnin Konni kuwa ga shi nan a bakin hanci. Saboda haka mai talabijin a nan yakan so ya kama tashoshin ƙasashen biyu. Sai dai Turawan da suka raba mana ƙasa sun raba mana har da talabijin. Nijeriya ta ɗauki tsarin da ake kira PAL, wanda aka ƙirƙira a Jamus, Nijar kuwa ta bi Faransa ta ɗauki SECAM. Akwatin da aka yi domin Nijeriya in ya kama Télé Sahel, sai launi ya gudu, hoto ya fito baƙi da fari. Wannan da sauƙi, ana iya haƙuri. Babbar matsalar ita ce murya. A tsarin Nijeriya murya tana tafiya da tazarar megahaz 5.5 daga hoto, a na Nijar kuwa 6.5. Sai ka ga mai karanta labarai yana ta motsa baki, sifika kuwa tana shuuu. Wanda ya sayo akwati a Konni ya kawo wannan gefe, shi ma haka zai gani in ya juya ga NTA.

Maganin abin ɗan ƙarami ne, amma sai wanda ya sani. Akwai wata 'yar matata a sashen murya, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, wadda ke tace muryar daga cikin saƙon da eriya ta kamo. Mai gyara yakan canza ta, ko ya ƙara wata kusa da ita, ko ya haɗa ɗan allo na musamman domin akwatin ya ji harsunan biyu. Inda za a sa ta ya bambanta daga wannan akwati zuwa wancan, wani lokaci kuma sai an ɗan murɗa wani nadin waya har murya ta washe. Daga baya ne aka riƙa kawo akwatuna masu karɓar kowane tsari. To, ina aka rubuta wannan dabara? Ba kamfanin Japan ne zai rubuta maka yadda za ka kama Sakkwato da Yamai a akwati ɗaya ba. Tana gefen taswira inda mai gyara ya ja layi da biro, tana cikin littafin rubutu na 'yan makaranta da ya yi baƙi da dauɗar hannu, waɗansu da boko, waɗansu da ajami, waɗansu da Faransanci domin mai shi a Maraɗi ko Tawa ya koyi aikin. Haka ma jerin kayan musanya: in taransista mai lamba kaza ba ta samuwa a Sakkwato, wacce ce za ta zauna a madadinta ba ta ƙone ba. Akwai manyan littattafan musanya da aka buga a Turai da Amurka, amma jerin da tsohon mai gyara ya rubuta da hannunsa ya fi su amfani a nan, gama shi ya gwada a zafin watan Afrilu na ƙasar Sakkwato, da ƙurar hunturu, da wutar da ke hawa tana sauka.

Yadda takardun ke salwanta ba boyayye ba ne. Gara ta bi bango ta shiga kwali. Ɓera ya yi sheƙa. Rufi ya yi yoyo a watan Agusta. Mai gyara ya tsufa ido ya raunana, yaransa sun koma gyaran wayar hannu ko sun hau babur suna kabu-kabu, rumfar ta zama shagon caji. Ran da ya rasu, magada suka raba abin da suka ga yana da daraja, mita da ƙarfen dalma da benci, takardu kuwa a sayar wa mai ƙosai ko mai tsire, matattun akwatuna a auna wa 'yan gwangwan a kilo. Ba mugunta suka yi ba, ba wanda ya gaya musu abin da ke hannunsu ne. Kuma kada wani ya ce ai sai a rubuta wa kamfani ya aiko da wani. Grundig ya karye a 2003. Sunan National an daina sa shi, kamfanin ya koma Panasonic gaba ɗaya a 2008, ya kuma haɗiye Sanyo bayan haka. Sony ya daina ƙera talabijin ɗinsa mai ƙusumbi na Trinitron a 2008. Wa za ka rubuta wa?

Mun san abin da matasanmu za su ce, gama sun sha faɗa mana: zamanin rediyo ya wuce, kome yana cikin waya. Muna da waya mu ma, muna kuma aika wa manoma saƙo da ita. Amma waya tana cin caji, tana cin kati, tana kuma dogara ga dogon ƙarfen sabis wanda ba a hannunmu yake ba. A watan Satumba na 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnati ta rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, bayan an yi haka a Zamfara. Makonni aka yi waya ba ta da amfani a wurare da yawa sai haska hanya da dare. Wanda ke da rediyo da batir biyu shi ya san abin da duniya ke ciki, maƙwabta suka riƙa taruwa a ƙofar gidansa kamar zamanin kakanni. Ban da wannan ma, tsohuwa da ba ta karatu, da makiyayi a daji, da mace mai daka a tsakar gida, hannunsu yana kan aiki kunnensu yana kan rediyo. Sanarwar rigakafi da hasashen damina da farashin kasuwa ta nan suke isa gare su.

Waɗansu kuma sukan ce, sabo ya yi araha, me za a yi da gyara? Gaskiya ne akwai ƙananan rediyo masu fitila da wurin sa katin waƙoƙi, sun cika kasuwar Illela ranar Lahadi da ta Konni ranar Laraba. Ba mu raina su ba, talaka yana amfana da su. Amma buɗe ɗaya ka gani. Dukan aikin yana ƙarƙashin wani ɗigon baƙin ƙaro a tsakiyar allo, ba lamba, ba taswira, in ya mutu ya mutu. Wanda ya sayi irin wannan sau uku ko huɗu, ya biya kuɗin gyaran tsohon National har da canji. Arahar ma ba tabbatacciya ba ce a garin da ke rayuwa da iyaka. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe, Illela tana cikin huɗun farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 aka kuma rufewa, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024, ga kuma faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023. Duk lokacin da haka ta faru kayan waje sukan yi tsada, a kuma tuna da mai gyara. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an bar saura a tulu.

Akwai masu cewa littattafan duka suna intanet. Da yawa suna nan, kuma muna gode wa mutanen da suka ɓata lokacinsu suka ɗauki hotunansu suka ajiye domin kowa. Sai dai yawancin abin da aka ajiye na akwatunan da aka sayar a Turai da Amurka ne. Kamfani ɗaya yakan yi akwati mai fuska ɗaya amma ciki dabam-dabam bisa ga ƙasar da za a kai shi, lamba ko harafi guda a ƙarshen sunan shi ke bambanta su. Irin da aka kawo Afirka ta Yamma sau da yawa ba a samunsa, wani kuma sai an biya da katin banki. Rubutun biron da ke gefen takarda kuwa ba ya ko'ina a duniya sai a wannan kwali da gara ke zagaye.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Ba mu ce kowane tsohon akwati ya cancanci gyara ba, ba kuma ƙaunar tsofaffin kaya ce ta sa muke wannan magana ba. Babban talabijin mai ƙusumbi yana shan wuta wat 60 zuwa 100, sabon shafaffe mai girmansa kuwa bai kai rabin haka ba. Gidan da ke dogara ga ƙaramin faifan sola da batir ɗaya, asara ce ya ciyar da mai ƙusumbi, ko da kyauta aka gyara masa. In gilashin hoton kansa ya gaji, hoto ya dushe, to a haƙura, a cire kayan cikin a ajiye domin gyaran wani. Amma inda akwai janareta ko wutar gwamnati, kamar ɗakin taron majami'a ko makaranta ko gidan kallo, tsohon akwati mai lafiyayyen gilashi zai iya ƙara shekaru. Canjin da aka fara zuwa talabijin na dijital a Jos a 2016 bai kashe shi ba: a haɗa masa dikoda da wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja, zai nuna hoto. Cututtukansa kuwa sanannu ne. Kwandansa takan bushe saboda zafi, dalma takan tsage a ƙafar kayan da ke ɗaukar zafi, taransistar da ke tura hoto takan ƙone in wuta ta yi tsalle. Duka ƙananan kaya ne. A rediyo ma yawanci ƙura ce ta shiga maɓallin ƙara murya, ko batir ya kwana ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen da yake zama a kai, ko wayar sifika ta tsinke. Mu dai a lissafinmu rediyo ne gaba, sa'an nan amfilifaya da lasifikar majami'a da ta masallaci, sa'an nan talabijin.

Akwai kuma haɗari, dole mu faɗa da babbar murya. A cikin talabijin mai launi akwai wuta da ta wuce bolt 20,000, kuma takan kwanta a jikin gilashin ko bayan an zare waya daga bango. Littafin gyara yana nuna yadda ake sauke ta kafin a sa hannu. Yaron da ya koyi aiki da ka, ba littafi ba malami, da ransa yake wasa. Gilashin nan mai kauri kuma akwai dalma a cikinsa, fiye da kilo guda a manyan akwatuna. Muddin yana rufe ba ya cutarwa, amma in yara suka farfasa shi a juji domin su ciro jan ƙarfen da ke wuyansa, suka ƙona wayoyi suna shaƙar hayaƙin, to guba ta fita. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalma dalma ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Akwatin da aka gyara, guda ne da bai je bakin rijiya ba.

To, yaya za a yi? Ba sai mun je nesa neman misali ba. Maƙwabtanmu malaman Musulunci na ƙasar Sakkwato sun riƙe littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello shekara ɗari biyu, ba injin bugawa, ba kabad na ƙarfe. Gafaka ce ta fata, da ajiya nesa da ƙasa, da ɗalibin da ke kwafe littafi da hannu kafin tsohon ya lalace. Wanda ya je gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato zai gani da idonsa. Mu kuma da ke karanta Littafi Mai Tsarki mun san labarin da ke cikin 2 Sarakuna sura 22, yadda Littafin Shari'a ya ɓace a cikin Haikalin kansa, sai da Sarki Yosiya ya sa masassaƙa da magina aikin gyara sa'an nan Hilkiya firist ya tsinto shi. Ba muna daidaita taswirar rediyo da Maganar Allah ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da muke nunawa shi ne, littafi yana iya ɓacewa a cikin gidan da ya fi bukatarsa, alhali mutane suna shiga suna fita kowace rana.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin ƙaramar ekklesiya ba. A sami adaka ta ƙarfe mai murfi sosai, a ɗora ta a kan benci nesa da bango, a zuba busasshen ganyen dogon yaro a ƙasanta, a riƙa buɗewa ana dubawa musamman da damina. A naɗa mutum biyu, ɗaya dattijo ɗaya matashi mai waya mai kyamara mai kyau, su bi masu gyara rumfa-rumfa da gidajen waɗanda suka rasu. Kada su ce a ba su littafin. Wannan shi ne kuskuren da zai kashe aikin tun ranar farko, gama littafin jarin mutum ne, da shi ya ciyar da iyalinsa. Su roƙi aro na yini ɗaya, ko su ɗauki hoton a gabansa. A shimfiɗa takardar a inuwa inda haske ya wadata, a ɗauki babbar taswira kashi-kashi yadda kowace lamba za ta karantu, a ɗauki gefen da aka yi rubutun hannu shi ma. A rubuta sunan kamfani da lambar akwatin da ke bayan murfi, da lambar allon ciki in akwai, domin taswirar da ba a san ta wane akwati ba ce ba ta da amfani. A buga kwafi biyu a takarda, ɗaya na adaka, ɗaya a mayar wa mai littafin tare da nasa, sabo fes, ladan amanarsa. Hotunan kuma a ajiye su wuri biyu, domin katin waya yana mutuwa ba sallama. Tsohuwar takarda in ta yage kada a liƙa mata salatif, yakan ci rubutu bayan 'yan shekaru. A sa ta a cikin babban ambulan a bar ta.

Wajen dattawan da ilimin yake a kansu ba a takarda ba, a nan ne mu da muka yi kwalejin horon malamai za mu yi amfani. An koya mana yadda ake tsara darasi daki-daki. Mu zauna kusa da benci da littafin rubutu, tsoho yana aiki yana faɗa, muna rubutawa da Hausa: alamar ciwon, inda aka auna, abin da aka samu, abin da aka canza. A sa sunan mai ilimin a saman shafi in ya yarda.

Za a sami wanda zai ƙi, ya ce sirrin sana'arsa ne. Kada a yi masa gardama, yana da hujja. A dā masu gyara suna da yawa suna gasa, ɓoye taswira riba ce. Yau kuwa abin da ke barazana ga sana'ar shi ne mutane su yanke ƙauna ga gyara gaba ɗaya. Wanda ya ba da taswira biyar ya sami damar duba hamsin, bai yi asara ba. Domin wannan ne muke cewa adakar ta zama ta kowa. Yawancin masu gyara a ƙasar nan Musulmi ne, masu sayar da kayan gyara da dama baƙi ne daga kudu, waɗansu gwanayen kuma suna hayin iyaka. In aka ce sai ɗan ekklesiya ne zai duba, to adakar za ta zauna fanko. A ajiye littafin rajista, wanda ya zo ya duba a nan ko ya biya kuɗin kwafi ya tafi da nasa, ainihin takarda dai ba ta fita. Kuɗin kwafin shi zai sayi takarda da tawada.

Kada kuma a tsaya ga rediyo da talabijin. Duk ƙauyen da aka kawo wa injin niƙa ko famfon tuƙa-tuƙa ko injin ban ruwa ko firjin allurar rigakafi ko kayan sola, da littafi aka kawo shi, amma yawanci littafin yana bin wanda ya kafa kayan ya koma birni. Shawararmu ga kwamitocin raya ƙauye ita ce, kada ku sa hannu a takardar karɓar kaya sai an miƙa muku littafinsa. A Turai ma sun dawo kan wannan hanya. A Amsterdam ta ƙasar Holan aka fara zaman gyara kyauta na unguwa a 2009, Faransa ta tilasta wa masu sayar da waɗansu kayan lantarki su rubuta makin sauƙin gyaransu tun 2021, Tarayyar Turai kuma ta yi dokar 'yancin gyara a 2024. Su sai da doka suke neman dawo da abin da mu har yanzu muke da shi a bakin kasuwa.

Ga iyayen da ke neman abin da yaro zai koya bayan sakandare, wanda ya iya karanta taswirar tsohon rediyo ya sami tushen da zai gyara inbata ta sola da cajar waya da amfilifaya, gama dokar wuta ɗaya ce. 'Yan mata ma suna iyawa, aikin na natsuwa ne da ido, ba na ƙarfi ba, Zumuntar Mata kuwa za ta iya ɗaukar nauyin mita da ƙarfen dalma na yarinya ɗaya ko biyu.

Lokacin yin aikin shi ne rani, bayan an gama kai amfani gida, kafin ruwan farko ya ta da gara. In mun zo zagaye ƙauyenku duba rumbuna, ku fito mana da duk takardar da ta zo da wani inji ko akwati, ko da rabi ce, ko da Turanci ko Faransanci ko rubutun Japan ne da ba wanda ke karantawa. Lambobin da ke jikin taswira iri ɗaya ne a kowane harshe. Matattun akwatunan da ke ƙarƙashin gado kuma ku cire musu batir tun yau, ku rufe su da tsumma, kada ku bari yara su fasa gilashin.